Harsashi, Harafi, Curi: Tafiyar Dalma a Ƙasar Gumel

Kalmar harsashi ba tamu ba ce tun asali. Daga bakin Larabawa muka tsince ta, su kuwa a wurinsu asalin rasas sunan dalma ne, ƙarfen nan mai nauyi da taushi wanda ko da farce ana iya yi masa zane. Wannan ya isa ya nuna ta wace ƙofa dalma ta fi shigo wa Bahaushe, wato ta bakin bindiga. Akwai kuma ƙofar ado, domin kwallin da iyayenmu mata ke rambaɗawa galibinsa dutsen dalma ne aka niƙa. Ƙofa ta uku, ta harafi, ita ce ta buɗe a makare ta kuma rufe da wuri. Shekarun da dalma ta yi tana buga Hausa a cikin ƙasar Hausa ba su cika ɗari ba, amma tabon da ta bari a jikin rubutunmu yana nan har gobe.

Mutanen dā ba su cika raba dalma da kuza a suna ba. Shi ya sa garin da ya yi fice wajen narka kuza a ƙasar Bauchi ake ce masa Ririwan Dalma. Ana cewa mutanensa daga Ririwai ta ƙasar Kano suka yi ƙaura da sana'arsu. Abin da ya tabbata shi ne a da suna zuba kuza sirara-sirara kamar tsinken ciyawa, fatake su kai kasuwanni, maƙeran fari su saya su yi kayan ado da like. A riƙe wannan kuzar a zuciya, za ta sake ɓullowa a gaba.

Masarautar Gumel, wadda yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, an kafa ta wajen 1750 a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa. Labarin baka yana danganta gidan sarautar da Barno, har ana cewa sunan garin daga wata kalmar Fulatanci ya samo asali, mai nufin saniya mai gajeren ƙaho. Wannan zance ne na kaka da kakanni. Wanda ke rubuce shi ne Gumel ta bi Barno, kuma jihadin Shehu Usmanu bai ci ta ba, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma, wanda ya hau a 1828, aka tashi daga Tumbi aka dawo mazaunin yanzu, marubuta sun fi ambaton 1845. Ƙaramar ƙasa ce tsakanin manya, Kano ta yamma, Haɗeja ta kudu maso gabas, Damagaram ta arewa. Rikici da Haɗeja bai lafa ba sai da Sarki Abdullahi ya rasu a 1872. Ta arewa kuwa ga Sarkin Damagaram Tanimu, wanda kafin rasuwarsa a 1884 ya tara bindigogi masu ɗimbin yawa, ya sa ana haɗa albarushi ana zubin igwa a cikin birnin Zinder. Mutumin ƙasar Lautai, wato Gumel, na wancan ƙarni, in ka ce masa dalma, ba littafi zai tuna ba.

Littafi a lokacin aikin hannu ne. Alaramma ya fiƙe alƙalamin gamba, ya dafa tawada da ƙaro, ya zauna kan takarda mai alamar wata uku wadda ta keto Sahara daga Italiya, ya yi wata da watanni kafin ya sauke Alƙur'ani guda, a saka a gafaka. Waƙar wa'azi ta ajami ma haka take yawo, ɗalibi ya kwafa daga na malaminsa.

A watan Maris na 1851 wani baƙo ya sauka Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Bajamushe ne, Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim. Ya tarar da gari cike da hada-hadar kanwa, ana kwasar ta daga gabas ana yin kudu da ita har ƙasar Nupe, kuma a nan ne wasiƙu daga Turai suka riske shi bayan ya daɗe bai ji ɗuriyar gida ba. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 sai ya iske yaƙin gadon sarauta ya ɗaiɗaita garin. Duk wannan ya shiga littafin tafiye-tafiyensa mai juzu'i 5, wanda aka buga a Landan da Gotha a 1857 da 1858. Ke nan wani ma'aikaci a can, wanda bai san inda Gumel take ba, ya tsinci haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya daga aljihunan akwati ya jera su. Sunan garin ya riga mutanen garin shiga dalma da shekaru masu yawa.

A cikin ayarin Barth na dawowa akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka taɓa kamawa bawa aka 'yanta. Ya bi shi har Ingila a 1855, ya faɗa hannun wani fasto, James Frederick Schön, wanda tun 1843 ya riga ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Daga bakin Dorugu Schön ya kwashi labarai da tatsuniyoyi, suka fito a Magana Hausa a 1885. Hausar farko da ta daɗe a jikin dalma, in an bi diddigi, da yawanta Hausar wannan yanki ce na kan iyaka.

To mece ce dalmar ɗab'i? Dabarar ta Johannes Gutenberg ce, maƙerin fari na birnin Mainz, wajen 1450. Ana sassaƙa harafi a kan bakin ƙarfe mai tauri, a doka shi a jikin tagulla ya bar gurbi, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin, sai ga ɗan sanda da bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, harafin yana bisa kansa a juye. Dalma zalla ba ta yi, ta cika taushi, bugu kaɗan fuskar harafi za ta baje. Sai aka gauraya ta da wasu biyu. Ƙarfen da ake kira antimoni yana ba ta tauri, yana kuma hana ta tsukewa sosai in ta huce, don haka kowane lungu na gurbin yake fita tas. Kuza kuwa tana sa narkakken ya gudana sumul. Abin mamakin shi ne dalma ita kaɗai sai zafi ya kai digiri 327 take narkewa, antimoni sai ya haura 600, amma in an haɗa su ukun daidai gwargwado, wajen digiri 240 ma sun zama ruwa. Wannan sauƙin narkewar shi ne sirrin sana'ar baki ɗaya. Harafin da ya lalace ba ya zama asara, tukunya yake komawa. Turawan maɗaba'a har suna gare su na barkwanci ga akwatin da ake jefa karyayyun haruffa, akwatin jahannama suke ce masa, tunda wuta ce makomar abin da ke ciki.

Injin ɗab'i ya shigo Nijeriya ta bakin teku, Kalaba a 1846, Abekuta a 1854, inda jaridar Iwe Irohin ta fara fita a 1859. Ƙasar Hausa kuwa sai bayan zuwan Turawan mulki. A 1903, shekarar da Kano ta faɗi, Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka Ingila da Faransa suka ja layin iyaka, Tumbi ta faɗa ɓangaren Faransa, Maigatari ta zama bakin iyaka.

A nan ne dalma ta fara sa baki a sha'anin rubutunmu. Turawa sun tarar da Hausa tana da ajaminta, amma suka zaɓi boko. Dalilansu na siyasa da na addini ba ɓoyayyu ba ne: jami'ansu ba su iya ajami ba, kuma ba sa son gwamnati ta zama mai yaɗa haruffan Alƙur'ani a cikin ƙabilun da ba Musulmi ba. Amma cikin hujjojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya kawo, har da tsadar buga haruffan Larabci masu wasali. Ko da hujjar ta zo musu daidai da son zuciya, ba ƙarya ba ce. Harafin boko tsaye yake shi kaɗai, manya da ƙanana da lambobi duka wajen guda ɗari sun ishi mai jerawa. Harafin Larabci kuwa kamarsa ta farkon kalma daban, ta tsakiya daban, ta ƙarshe daban, ga shi dole su sarƙu da juna, ga wasali sama da ƙasa. Larabci yana iya tafiya ba wasali, ajami ba ya iyawa. Sai akwatin ya koma ɗaruruwan aljihuna. Ƙari a kan haka, haruffan da maɗaba'un gabas irin ta Bulak a Alƙahira suke zubawa ba irin hannunmu ba ne. Almajirin da ya tashi da Warshu, fa ɗinsa ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗinsa ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala, kallon baƙo yake yi wa rubutun gabas.

Boko ma bai zo da kayansa cikakku ba. Akwatunan haruffa daga Ingila aka kawo su, Ingilishi kuwa bai san bambancin baki da baƙi ba, ko kafa da ƙafa. Shekara da shekaru kowa yana dabararsa, wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya maƙala masa alama a gefe. Sai a shekarun 1930, bisa shawarar masana harsuna irin su Diedrich Westermann na Balin, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. A takarda shawara ce mai sauƙi. A maɗaba'a kuwa kowane ɗayansu sai an sassaƙa masa gurbi sabo, babba da ƙarami, a kowane girma da kowane salo, a zubo shi a Turai a yo jigilarsa ta jirgin ruwa. Manyan gidajen ɗab'i sun iya ɗaukar wannan nauyi, ƙanana ba su iya ba, tafireta ma galibi ba ta da su. Ni dai a ganina daga nan muka gaji sakacin nan na rubuta Hausa ba ƙugiya, wanda har yau ake fama da shi a allunan shaguna da saƙonnin waya. An daɗe ana karanta ta a haka don dole, har ido ya saba. Wani abin lura kuma, a Maigatari kana iya ganin kalma ɗaya da rubutu biyu, domin Nijar ta ɗauki harafin ƴ, mu kuma muka tsaya a kan 'y.

Shekarun 1929 zuwa 1959 su ne ganiyar dalma a Arewa, cibiyarta kuma Zariya. An kafa hukumar fassara a 1929, ta rikiɗe ta zama hukumar talifi a hannun Rupert East. Gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam yana editanta, a 1945 kuma aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur da injinansa. Da aka shiga yaƙi da jahilci a shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa jagora, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan littattafai da jaridun larduna. Ta lardin Kano, wanda Gumel ke ciki da En'e tata, ita ce Sodangi.

Ta yaya suka iso ƙasar Lautai? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tafi Nguru kuma aka kammala shi a 1930, ya ratsa ta Gagarawa. Don gyaɗa aka shimfiɗa shi, amma taragon da ya tafi da buhu ba ya dawowa wayam. Sai dai kada mu yaudari kanmu da cewa littafi ne ya fara kai wa talakan Sule Tankarkar bugun dalma. Takardar haraji ce, da ta jangali, da sammacin alƙali, da tikitin jirgi. Mutum bai iya karanta ta ba, amma ya san in babu ita a aljihu akwai magana. Daga baya ne ɗan da aka kama aka kai elementare ya dawo gida da littafi, ya zauna a dandali yana karanta wa dattawa labarin yaƙin Hitila daga shafin Gaskiya.

Jaridun wancan zamani ba su dogara da tsintar harafi da hannu kaɗai ba. Tun 1886 Ottmar Mergenthaler ya fito da injin Linotype a Amurka, wanda ya mai da narka dalma aikin kullum. Ma'aikaci yana zaune gaban maɓallai 90, kowanne ya taɓa sai gurbin harafi na farin tagulla ya gangaro ya shiga sahu. In layi ya cika, injin ya tunkuɗo narkakkiyar dalma daga wata tukunya da ke jikinsa, layin ya fito sanda guda, da ɗuminsa. Haɗin da aka saba shi ne kashi 84 dalma, 12 antimoni, 4 kuza. In an gama buga jaridar yau, ba a warware komai. A kwashe layukan duka a zuba a babban kasko, a narke, a yaɗe dattin da ya taso, a zuba a mazubi su fito curi-curi masu tsawo, a rataye curi da sarƙa a bisa tukunyar injin yana sauka a hankali yana narkewa. Jawabin Sardauna na wannan mako shi ne farashin gyaɗa na makon gobe. Kowace narka tana cin ɗan kuza da antimoni a cikin dattin da aka yaɗe, don haka lokaci-lokaci sai an ƙara sabo, in ba haka ba haruffa su fara fitowa da rami-rami.

Ga inda kuzar nan ta dawo. Tun farkon ƙarni na ashirin, kamfanonin Turawa suka mamaye kuzar Filato, sana'ar mutanen Ririwai ta mutu. Ɗanyarta ake lodawa a jirgi zuwa Ingila, sai a farkon shekarun 1960 aka kafa wurin narka ta a Jos. Wa ya sani ko cikin kashi huɗun nan da ke tukunyar Zariya akwai wadda leburan Bukur ya haƙo, ta je ta sha iskar teku ta dawo da tsada?

Abin da ya kashe dalma hoto ne. A sabuwar dabarar, wadda masu sana'ar ke kira ofset, ana ɗaukar hoton shafi a kwafe shi a kan faranti na sanholo, tawada ta kama inda rubutu yake, ruwa ya tsare sauran. Babu nauyi, babu tukunya. New Nigerian, magajiyar Nigerian Citizen, da irin wannan injin ta fara fita a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966. A Amurka ma jaridar New York Times ta kashe tukwanenta a Yulin 1978.

Wanda ya fi kowa cin ribar wannan sauyi shi ne ajamin da dalma ta ƙi. Tunda injin hoto yake ɗauka, ai ko rubutun hannu ne zai buga. Sai Alƙur'anan da gwanaye irin su Sharif Bala Gabari na Kano suka rubuta da hannunsu suka bazu dubbai, da Warshunsu da zayyanarsu, tare da Ishiriniya da Ahalari da waƙoƙin wa'azi, daga rumfunan kasuwar Kurmi har tabarmar mai littattafai a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, har su tsallaka Nijar. A farkon shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya fitar da Alfijir, jarida sukutum da ajami. Daga nan kwamfuta ta shigo, littattafan soyayya na kasuwar Kano suka cika gari. Ranar 27 ga Agusta 1991, da aka yanke Jigawa daga Kano, sabuwar jihar ta zo ne a zamanin da babu mai tunanin sayen injin dalma.

Ba rana ɗaya ta mutu ba. Ƙananan masu ɗab'i sun ci gaba da tsintar harafi da hannu don katin ɗaurin aure, da rasit, da takardar gayyatar saukar karatu, domin kwafi ɗari biyu bai kai a yi masa faranti ba. Amma harafi yana cinyewa, sabo kuma ya daina zuwa. Mai shago ya tsufa, 'ya'ya suka sayi kwamfuta, akwatuna suka koma bayan ƙyaure suna shan ƙura, ga nauyin tsiya. Ƙarshenta sai ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa.

Narkar ƙarshe ba ta bambanta da ta da ba, sai dai wannan karon curin ba injin zai koma ba. Kaskon ƙarfe ne a kan gawayi, da zuga-zugi ko fanka. Tsohuwar tawada da maiƙo su fara ci da hayaƙi, haruffan su slumɓuke su zama ruwa mai sheƙi kamar azurfa. A barbaɗa garin katako ko a jefa ɗan kitse a motsa, datti ya taso a kwashe da ludayi, a zuba a mazubi. Wanda ya san aikin yana tsoron abu biyu. Na farko ruwa: ɗigo ɗaya in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma, tururi zai watso ta har fuska, shi ya sa ake gasa mazubi da ludayi kafin su taɓa ta. Na biyu tutiya, wadda ake yin farantan hotuna da ita a tsofaffin maɗaba'u. In ta narke a ciki sai haɗin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ya ƙi zubuwa. Sa'ar da aka yi ita ce tutiya sai wajen digiri 420 take narkewa, don haka mai haƙuri da wuta zai gan ta tana yawo a sama ya tsame ta.

Curin da ya fito ya fi dalmar batir tauri, in an jefa shi ƙasa ma ƙararsa daban, yana ɗan amo. Masu saye ba su rasa ba: masunta na bakin kogin Haɗeja don nauyin birgi, masu liken lagireto saboda kuzar da ke ciki, masu haɗa batir, da maharba masu adaka. A Amurka har yau masu zubin harsashi da kansu suna farautar tsohuwar dalmar Linotype saboda wannan taurin. Ta zagaya ta koma sunanta na Larabci.

Akwai abu na uku da ya kamata a ji tsoro, shi ne wanda ba a gani. Ƙurar dattin da aka yaɗe, da tokar murhun, da hannun da aka ci tuwo da shi ba a wanke ba, duk hanyoyi ne da dalma ke bi ta shiga jini, yara ƙanana kuma ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. Arewa ta ga iyakar wannan a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida, yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Can daga rami ta fito, nan daga akwatin maɗaba'a, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma kaskon da aka narka ta a ciki bai kamata ya sake ganin miya ba.

In mutum ya yi katarin tarar da irin wannan akwati kafin ya hau wuta, ya ɗebi tafi guda ya duba da kyau. Yawanci a da n da k zai gani, irin waɗanda ake samu a kowace maɗaba'a daga Legas har Landan. Jefi-jefi sai ya ci karo da ɗan sanda mai ƙ ko ɗ a kansa, a juye, ƙugiyar ta ɗan cinye don bugu. Wannan takanas aka sassaƙa masa gurbi saboda Hausa, aka yo odarsa daga ƙetare, wani ya jira shi wata da watanni. Ɗan gwangwan zai zuba shi a buhu tare da sauran, ya rataya a sikeli, ya faɗi kilo.